Littafin aikin tukwanen lantarki: sandar batir, soson ƙarfe da totuwa

9 ga Nuwamba, 2024

Tukwane tara na jera yau a ɗakin ajiyarmu na bayan kicin, uku-uku, kowace da lambarta a gindi. Ƙananan tukwanen ƙasa ne marasa shafe da na saya a Muda Lawal, kowace tana cin kusan rabin lita. Tun watan jiya na so farawa, sai duhun nan da ya rufe Arewa a ƙarshen Oktoba ya tsayar da komai. Aikin neman wuta, rashin wuta ya hana shi tashi.

Ga wanda zai ɗauki littafin nan bai san kan zancen ba. Akwai bakteriya da ke zaune cikin laka, inda iska ba ta kaiwa. Mu in mun ci abinci, jiki yana zare elektiron daga cikinsa ya miƙa wa oksijin ɗin da muka shaƙa. Su ba su da oksijin, sai su miƙa nasu ga tsatsar ƙarfen da ke gauraye da ƙasa. In aka binne musu wani abu mai ɗaukar lantarki, sai su ɗauke shi a matsayin tsatsar, su manne masa suna zuba masa elektiron. Shi ake kira anod. Daga shi waya ta fito, ta bi ta rezista, ɗan abin da ke tauye gudun wuta wanda ake auna turjiyarsa da om, ta je katod da ke jikin tukunya ta waje yana shan iska, can elektiron ya gamu da oksijin a samu ruwa. Bangon tukunyar shi ne shamaki tsakaninsu. Manyan ɗakunan bincike fatar Nafion suke sawa a wannan gurbi, amma ita da dala ake lissafin kuɗinta.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1911 wani masanin tsirrai a Jami'ar Durham ta Ingila, M. C. Potter, ya nuna cewa yis da bakteriya suna ba da ɗan lantarki. Gwanar wannan aiki kuwa, Geobacter, a 1987 Derek Lovley ya zaƙulo ta daga lakar kogin Potomac a Amurka. Ni tawa lakar daga fadamar da ke ƙasan Dam ɗin Gubi na ɗebo ta, baƙa ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙanina da ya kai ni a babur sai da ya ce, "Yaya, wannan ma karatun digiri na biyu ne?"

Tambayata ɗaya ce: wane anod ne ya fi, cikin abin da za a iya samu a Bauchi? Don haka komai na tukwanen iri ɗaya ne, laka, abinci, katod, rezista mai om 1,000, anod kaɗai ya bambanta. Uku na farko, baƙar sandar cikin tsohon batirin Tiger, huɗu-huɗu, wankewa kawai na yi. Uku na biyu, sandar dai, amma Dokta, malamin da ke duba aikina, ya gasa min su a tanderun ɗakin gwaji, digiri 450 na ma'aunin Selsiyos, rabin awa. Uku na ƙarshe, soson ƙarfe na wanke-wanke da na ƙona a harshen wutar gas har ya sauya launi. Abincinsu asitet ne, giram ɗaya a lita, wanda na haɗa da kaina daga ruwan khal da bakin soda, sai ɗan fosfet da Dokta ya ba ni don kada ruwan ya yi tsami.

11 ga Nuwamba

Soso ya yi abin mamaki. Milibolt 480, 465, 490 (milibolt dubu ne bolt ɗaya). Sandunan kuwa ba wadda ta kai 20. Na ɗauki hoton mitar auna wuta na tura wa Dokta ta WhatsApp, har da cewa ranka ya daɗe da alama mun dace tun daga farko.

Amsarsa gajera ce. "Malama, bakteriya ba su san gaggawa ba. Ki kafa wata tukunyar da soso, ki tafasa ruwan, kada ki sa laka. Mu ga."

14 ga Nuwamba

Tukunyar da babu laka ta ba da 450. Murna ta koma ciki.

Ba bakteriya ke aikin ba, sosona ne ke cinye kansa. Ƙarfe in yana tsatsa yana sakin elektiron, mita kuwa ba ta tambayar daga ina suka fito. Batirin ƙarfe na haɗa, na zauna ina yi masa kirari. Da na natsu, alamar tana nan tun farko: wutar bakteriya a hankali take hawa cikin kwanaki, sai sun yi yawa sun shimfiɗa yanarsu a kan anod, ita kuwa wutar tsatsa nan take take zuwa da ƙarfinta, sannan ta riƙa sauka. Tawa ta fara sauka, ruwan tukwanen ya koma ruwan ƙasa-ƙasa.

Ba wai dabarar ƙona ƙarfen ce ba ta da tushe ba. Masu bincike sun gwada ta a kan ƙarfe marar tsatsa na gaske, inda wuta ke fito da siririn ɓawon tsatsa a samansa, irin abin da bakteriyar suka saba da shi a cikin ƙasa, cikinsa kuma ya zauna lafiya. Na kasuwa dai maganaɗisu yana kama shi caraf, kwana biyar a ruwan gishiri ya fara marmashewa. Na cire tukwanen soso daga lissafi. Daga yau kowane sabon anod sai an yi masa tukunyar shaida marar laka.

23 ga Nuwamba

Sanduna sun farka. Gasassun sun fara motsi a kwana na shida, yau suna tsakanin 190 da 220. Waɗanda aka wanke kawai sai a kwana na goma sha ɗaya, yau ba su wuce 90 ba.

Na tuna wani abu da na gani ranar da nake fasa batiran. Na ɗiga ruwa a kan sandar da ba a gasa ba, ɗigon ya dunƙule ya gangare kamar a kan ganyen gwaza. A kan gasasshiyar kuwa ya baje ya shige. Masu yin batir suna cusa wa sandar kakin zuma ko makamancinsa don kada ruwan batir ya bi ta cikinta ya fita. Wato bakteriya suna neman wurin kamawa, suna tarar da santsi. Gashi ya ƙone kakin.

Wannan ya ɗan rage min daɗin sakamakon. Digiri 450 na rabin awa daga aikin rukunin Bruce Logan na Jami'ar Penn State na ɗauko shi, kuma su abin da suka gasa ragar kabon ce, suna bayanin cewa zafin yana share dattin masana'anta ya kuma sauya fuskar kabon ɗin. A tawa sandar abu biyu ne suka faru lokaci guda, kaki ya tafi, fuska ta sauya, ba kuma ni da hanyar raba su. Haka zan rubuta shi a rahoto. Dokta ya ce in ajiye sanda biyu da za a jiƙa a fetur a cire kakin ba tare da wuta ba, in lokaci ya samu.

7 ga Disamba

Sun daidaita. Wankakku 205 zuwa 215, gasassu 255 zuwa 270. In aka ninka bolt da kansa aka raba da om, wankakkiya tana ba da kusan maikirowat 44 (maikirowat miliyan ɗaya ne wat ɗaya), gasasshiya kusan 68. A lissafin littafi, tsakanin asitet da oksijin akwai kusan bolt 1.1, amma ko waya a cire tawa mita ba ta taɓa wuce milibolt 620 ba. Sauran yana zubewa a hanya.

Hunturu ya shigo da matsala biyu. Tukunyar ƙasa tana gumi kamar randa, iskar kuma a bushe take, kullum sai na ƙara wa kowace ruwa da sirinji ta hudar murfi, ga farin gishiri yana taruwa a kan katod. Na biyu sanyi. Da asuba mita tana nuna ƙasa da abin da take nunawa da la'asar da kusan milibolt 30, tukunya ta uku da ke bakin taga kuma kullum ita ce ta baya. Da ban lura ba da na ɗora wa anod ɗinta laifin taga. Yanzu duk suna cikin katon kwali an lulluɓe da buhu, ina sauya musu wuri duk Asabar, ina kuma aunawa ƙarfe huɗu na yamma kaɗai, da na dawo daga makaranta.

15 ga Disamba

Ta biyar ta mutu. Na buɗe, kore shar a mahaɗar waya da sanda. Ruwa ya ratsa gam ya taɓa jan ƙarfe, jan ƙarfe kuma guba ne ga bakteriya. Laifina ne, a gurguje na shafa gam ɗin ranar. Sauran duk na ɗaga mahaɗarsu sama da ruwa na sake rufewa da Araldite.

28 ga Disamba

Hutu ya ba ni damar zama in yi tunani. Sanda, ko an gasa ta, fuskarta kaɗan ce. Duk bakteriyar da za ta ba da wuta sai ta taɓa anod ko ta taɓa 'yar'uwarta da ta taɓa shi, saboda haka yawan wurin zama shi ne yawan ma'aikata. Dalilin da ya sa a 2007 su Logan suka koma ga anod mai siffar burushin wanke kwalba, zaren girafayit dubbai a murɗe a jikin wayar titaniyom.

Amma a nan mutane da yawa suke ruɗewa, ni ma na ruɗe da farko. Gawayin tace ruwa, irin wanda na yi katod da shi, giram ɗayansa yana iya kai wa murabba'in mita dubu na fili. In ka ji haka sai ka ce ai an gama. Sai dai akasarin filin yana cikin ramukan da ba su kai nanomita biyu ba, ita kuwa bakteriya tsawonta maikiromita ɗaya zuwa biyu ne, ta ninka bakin ramin sau ɗaruruwa. Kamar a gina ɗakuna dubu a yi wa kowane ƙofa da kafar allura. Abin da ake nema ramuka ne manya, waɗanda bakteriya za ta shiga, abinci ya bi ta, tsamin da take fitarwa ya samu hanyar fita.

Ina cikin wannan ne na ga Gwaggo tana tura totuwar masara a murhu. Na karya ɗaya na duba. Rami ne a kan rami, ga tsakiya mai laushi daidai shigar sandar batir.

Na fara gwada gawayin girki da mita, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na ƙona totuwa a gwangwani cikin murhu, ta yi baƙi kyakkyawa, ita ma shiru. Zafin da ake yin gawayi na yau da kullum bai isa ba. Sai an wuce wajen digiri 700 zuwa 800 babu iska kabon ɗin ke jeruwa yadda lantarki zai bi ta cikinsa. Murhu ba zai kai ba, tanderun ɗakin gwaji kuma layi ne da jiran wuta.

4 ga Janairu, 2025

Maigida ne ya kawo shawarar maƙera. Yau shi ya raka ni wurin wani dattijo a cikin gari, wanda mahaifinsa ya saba kai wa gyaran garma.

Na je da totuwa ashirin da na yanka tsawon ɗan yatsa, na huda tsakiyarsu, da guntun bututun ƙarfe biyu da aka toshe gindinsu da walda. Bayan gaisuwa na fara bayani, ina ta kewaye-kewaye. Baba ya katse ni.

"'Yata, so kike ta dahu ba ta ci wuta ba."

"Haka ne, Baba."

"To ai sai a hana ta numfashi."

Ya cika bututun da totuwa, ya zuba garin gawayi ya cike gibin, ya toshe baki da yumɓu ya bar 'yar huda kamar ta tsinke. Garin gawayin dabararsa ce, ban zo da ita ba: duk iskar da ta saci hanya ta shiga, shi za ta fara ci kafin ta kai ga totuwa. Jikansa ya hau zuga. Da farko farin hayaƙi ya yi ta fita ta hudar, sannan ya kama da wuta ya zama ɗan harshe, can ya mutu. Na ce ko a sauke. Baba ya ce a'a, yanzu ta zama gawayin mata, ba shi kike nema ba.

Ba mu da ma'aunin da zai jure wannan zafi, sai launi. Na taho da jadawalin launin ƙarfe a waya, ja mai duhu wajen 700, ja mai haske wajen 800, ruwan lemo wajen 900 zuwa sama. Na nuna masa. Ya duba ya yi murmushi, ya ce shi sunan da ya sani shi ne lokacin da ƙarfe ke karɓar guduma ba gardama. Ya sa aka ja buhu aka tare hasken ƙofa, domin a cewarsa rana tana yi wa ido ƙarya a kan launin wuta. Muka riƙe bututun a tsakanin ja mai haske da ruwan lemo kusan minti arba'in, yana jujjuya shi da awartaki, sannan ya binne shi cikin toka ya ce kada a buɗe sai ya huce sarai, in ba haka ba tana ganin iska za ta kama.

Da la'asar muka fasa yumɓun. Totuwar ta tsuke, ta yi sauƙi, in an buga biyu suna ƙara kamar fasasshen tangaran. Na ɗora mita daga wannan baki zuwa wancan: om 35. Wata 28, wata 60. Uku da suke can bakin bututu, inda zafi bai kai ba, sun haura dubu, na ware su. Baba ya karɓi mitar ya gwada da kansa a kan gawayin maƙerarsa wanda ya sha zuga, ita ma ta motsa. Ya ce shekara hamsin yana zubar da wannan a bola.

Da ƙyar ya karɓi kuɗin gawayi. Na aikin kuwa ya ce in kawo masa labarin abin da ya faru.

6 ga Janairu

Bututu na biyu ban faɗi abin da ke cikinsa ba. Totuwar cikinsa ta kwana biyu a jiƙe cikin ruwan takin yuriya kafin a shanya ta. Dalili: fatar bakteriya cajinta na ragi ne, don haka ta fi son manne wa fuskar da ke da cajin ƙari. A 2007 Shaoan Cheng da Logan sun bi da ƙyallen kabon da iskar amoniya a digiri 700, naitirojin ya shiga fuskar, batirinsu ya tashi da wuri kuma wutarsa ta ƙaru. Ni ba ni da tulun amoniya, ba kuma na fatan ganinsa a gidana. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, in ta sha zafi tana sakin amoniya, ga ta a kowane shagon taki.

Zagaye na biyu ya tashi yau, tukwane sababbi goma. Uku gasasshiyar sanda kaɗai, uku sanda da aka zura wa gawayin totuwa bibbiyu, uku totuwar yuriya, ɗaya ta shaida. Wannan karon da ruwan tsofaffin tukwane na haɗa lakar, tunda bakteriyarsu sun riga sun koyi sana'ar.

25 ga Janairu

Ta shaida tana ƙasa da 15 tun ranar farko, alhamdu lillahi, totuwa ba ta yi min irin ta soso ba.

Na yuriya suka fara tashi, kwana uku. Totuwa zalla kwana biyar, sanda kwana biyar zuwa shida. A yau: sanda 250, 262, 268. Totuwa 390, 398, 405. Ta yuriya 395, 412, 420.

Tsakanin sanda da totuwa babu gardama, tazarar ta fi ƙarfin a ce dace ne. Tsakanin totuwa da ta yuriya kuwa, zuciyata tana so in ce yuriya ta ci, amma mafi ƙanƙantar ta yuriya tana ƙasa da biyu daga cikin totuwa zalla. Da tukwane uku-uku ba zan iya rantsuwa a kan wannan ba. Abin da zan iya cewa shi ne ta fi saurin tashi.

15 ga Fabrairu

Wuni guda na yi ina sauya rezista, daga om 10,000 zuwa 4,700, 2,200, 1,000, 470, 220, har 100, kowace in jira minti ashirin kafin in rubuta. Wani mai gyaran rediyo a Wunti ne ya tsinto min su daga tsofaffin allunansa. Amfanin wahalar shi ne, batir yana ba da iyakar ƙarfinsa ne a lokacin da rezistar waje ta yi daidai da turjiyar cikinsa. Sanda ta kai ƙololuwa a wajen om 1,000, maikirowat 68. Totuwa a wajen 470, milibolt 290, wato kusan maikirowat 180. Turjiyar ciki ta ragu da fiye da rabi.

Sai na yi abin da ya buɗe min ido. A tukunya ɗaya na ƙara totuwa biyu tun makonni biyu da suka wuce, ina sa ran wuta za ta yi tsalle. Milibolt 15 kacal ta ƙaru. Yau kuma na goge farin gishirin da ke kan katod ɗin wata na fesa masa ruwa, nan take ta hau da kusan 60.

Na kai wa Dokta takardun. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Kin faɗaɗa ƙofar shiga, ta fita tana nan yadda take. Yanzu ba anod ke riƙe ki ba." Ya ce mai yiwuwa yuriya tana aiki fiye da abin da nake gani, mai yiwuwa kuma ba ta yin komai bayan makon farko, amma muddin katod da bangon tukunya ne ke tauye wutar, mita a tsakanin waya biyu ba za ta raba gardamar ba. Sai an auna anod shi kaɗai, da sandar ma'auni ta uku da ake tsomawa a ruwan. Na ce ranka ya daɗe, wannan ai ba mu da ita. Ya ce a yi tunani.

Ina ganin da yawa daga cikin rahotannin da ke cewa sabon anod kaza ya ninka wuta sau kaza, da waɗanda ke cewa bai yi komai ba, a nan gizo ke saƙarsu. Adadin ya dogara da tukunyar da aka sa shi ciki.

8 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, makarantu suna hutu, amma aikin kicin ya cinye hutun. Awon ƙarfe huɗu ya koma na bayan azahar.

Asitet abincin gwaji ne, ba wanda zai riƙa sayen khal yana ciyar da laka. Gwaggo tana zubar da ruwan awara bokiti-bokiti a kwata, sai na roƙi kofi biyu. Na tsoma takardar awo, ta nuna ƙasa da 5, wato tsami ya yi yawa, su kuwa waɗannan bakteriya kusa da 7 suke so. Na jiƙa kanwa na riƙa ɗigawa har ya daidaita. Gwaggo tana kallo ta ce, "Miya kike musu?"

Tukwane biyu na ba wa, ɗaya sanda ɗaya totuwa. Kwana biyu wuta ta faɗi kusan rabi, sannan ta dawo a hankali, ta totuwa zuwa 340, ta sanda zuwa 200. Haka ya kamata. Geobacter ba ta cin sukari ko furotin, sai wasu bakteriyar sun fara narka su sun mai da su asitet da makamantansa. Masu hannu a akushin sun ƙaru, ciki har da masu mai da abincin iskar methane, wadda ba ta bi ta waya. Murfin ta totuwa ya ɗan kumbura, ɗakin kuma maigida ya ce a riƙa barin tagarsa a buɗe.

22 ga Maris

Zafi ya sauka, duka tukwanen sun hau da milibolt 20 zuwa 40 ba tare da na taɓa komai ba. Ruwa kuma sau biyu a rana. Ba za a gwama awon Maris da na Janairu ba, na ja layi a littafin.

5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi. Washegari gida ya cika da yara, ƙanina ya matsa sai an nuna musu. Na jera tukwanen totuwa shida, kan wannan a wutsiyar wancan, na ɗaura ɗan jan ƙwan LED, aka rufe ƙofa. Ya kama, ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Ihun da suka yi sai ka ce an kawo wuta bayan mako guda. Minti ashirin da wani abu ya dushe. Na bi su da mita ɗaya bayan ɗaya, ta huɗu ta juye, tana nuna ragi. Abin da aka sani ne in an jera irin waɗannan batira: mafi rauni ba ta iya bin sauran, sai su tura ta baya, kuma hakan yana cutar da bakteriyarta. Na raba su nan da nan. Ta ɗauki kwana uku kafin ta dawo, har yau ba ta kai inda take da ba.

Wani ɗan yayata ya tambaya ko za ta yi cajin waya. Muka yi lissafin tare a bayan kwali: caja mai wat 5, tukunya mai maikirowat 180, ana bukatar kusan tukwane dubu ashirin da takwas. Ya ce to me amfaninta. Na ce masa inda ake sa ran amfaninta shi ne wurin rage dattin ruwa kamar na Gwaggo ba tare da injin hura iska ba, da kunna ƙananan na'urorin awo da ba sa cin wuta. Masu bincike na Biristol ta Ingila ma da ƙananan bututun yumɓu da fitsari suka kunna fitilun ban-ɗaki a taron kaɗe-kaɗe na Glastonbury a 2015. Wannan ya fi burge shi fiye da duk bayanina.

Jiya na sadaukar da tukunya ɗaya ta totuwa na buɗe. Na tsaga gawayin da reza. Daga waje har zuwa kusan rabin kaurinsa akwai yana mai santsi, launinta ja-ja kamar ruwan wankin nama, irin launin da ake danganta wa Geobacter saboda furotin masu ƙarfe da take tura elektiron da su. Can ciki kusa da sanda kuwa baƙi ne a bushe, ba kowa. Wato rabin totuwar zaman banza take yi. A zagaye na uku zan yanka ta faifai-faifai, kaurin rabin santimita, in bar tazara a tsakani. Guda biyu kuma sun tsage da kansu a cikin ruwa, abin da zan sa wa ido in ana maganar watanni.

Maganar sandar ma'auni ta samu hanya. Dokta ya ce wayar azurfa in ta kwanta a ruwan Hypo na ɗan lokaci tana yin ɓawon kuloraid, a sa ta a bututun sirinji da ruwan gishirin potasiyom kuloraid a toshe bakin da agar, wani abu mai daskarewa kamar jeli, ta isa aikinmu in an gwada ta da ta aro. Baba maƙeri ya ce shi baƙin ƙarfe ya sani, amma ya haɗa ni da wani mai ƙera zobba da zai ja min waya tsawon taƙi ɗaya, ranar Alhamis zan karɓa. Na kai wa Baba rabin totuwar da na tsaga a cikin kwalba. Ya ɗaga ta a haske ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in taho da bututu uku a karo na gaba, kuma kada in cika su har baki.